Motar da Ta Daina Kuka

An tsinci Kande a cikin rami, gefen hanyar burjin da ta taso daga gonakin Sandamu ta shigo Daura ta bayan gari. Da hantsi mota ta buge ta, amma sai bayan azahar wani mai amalanke ya ji nishinta. Ƙugunta ya karye, kwandon gyaɗar da ta roro ya tarwatse, rana ta gasa ta har leɓɓanta suka tsage. Tsohuwa ce mai raunin gani, ba ta da kowa a garin sai maƙwabta.

Buge mutum da mota tsautsayi ne, yana iya faɗa wa kowa. Amma ka bar tsohuwa a rami ka tafi kana da ƙafa da baki, wannan hali ne, kuma mugun hali.

Kafin magariba unguwa ta riga ta yanke hukunci. Munzali ne. Mutum ne da ya yi shekaru yana aiki a kudu, ya dawo gidan ubansa shi kaɗai, ba mata ba ɗa. Ba ya zaman majalisa, gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu. Wani ya leƙa ta kan katanga ya ga motarsa a kwance, gabanta a warware, an kuma ji bugun guduma daga gidan. Mutanen unguwa ba su buƙaci fiye da haka ba. Matasa suka fara maganar fetur da ashana.

Mai unguwa Audi ya hana su da ƙyar, ya aika a kira Sharu.

Sharu mai bin sawu ne. A ƙuruciyarsa ya bi ɓarayin shanu har iyakar Nijar, ya dawo da shanun da ɓarayin. Yanzu ya tsufa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna aure a nesa, sa'o'insa maza duk sun riga shi kwanciya. Yana zaune a wani ɗan gida a ƙarshen unguwa. Kullum da safe yakan share yashin ƙofar gidan tas, da yamma ya fito ya duba wa ya tako. Yawancin ranaku sawun kaji ne da na ƙadangare. Ranar Juma'a kaɗai yashin ke samun sawun taya, domin Sagir, ɗan marigayi amininsa, yakan zo da tsohuwar motarsa ya kai shi masallacin Juma'a, su biya gidansu ya gaisa da Inno mahaifiyar Sagir, ya sha fura, a dawo da shi. Sharu ba ya faɗa wa kowa, amma duk makon wannan ranar yake jira.

"Malam Sharu, ka taimake ni," in ji mai unguwa. "Ba na so in miƙa wa hukuma wanda ba shi ne ba, kuma yaran nan ba zan iya riƙe su har abada ba."

"Sun tattake wurin?"

"Kowa ya je kallo."

"Haka kuke. A je a kalli abin da ba a taimaka ba."

Washegari da sanyin safiya ya ɗauki sandarsa ya tafi. Kusa da ramin ba abin da ya rage, sawun 'yan kallo ya cinye komai. Sai ya koma baya can inda ba wanda ya damu ya taka, ya tsuguna. Sawun ƙaramar mota ne. Tayoyi uku suna tafiya sak. Ta gaba ta hannun dama tana lilo, tana barin layi mai kwane-kwane kamar jan cikin maciji. Daga wani wuri sai ta fizgi motar zuwa gefe. Direban ya taka birki, amma birkin bai kama da wuri ba.

A ɗaya gefen hanyar, inda ƙofar direba ta buɗe, ya sami abin da ya fi damunsa. Mutumin ya fito. Ga rabin sawun takalmi yana fuskantar ramin, ga wani yana dawowa, dunduniya ta nutse kamar ta mai sauri. Ƙafar hagu tana buɗewa waje kaɗan. Sharu ya daɗe yana kallon wannan sawu. Ya san wani mutum da ke taka ƙasa haka, amma mutumin ya daɗe a kabari. Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa, ya ce wa ransa masu irin wannan tafiya suna da yawa a duniya.

Ya tarar da Kande a asibiti, an ɗaure ta daga ƙugu zuwa gwiwa.

"Sharu, kai ne? Na gane tarinka."

"Ni ne, Kande. Ya jiki?"

"Jiki ga shi nan a ajiye. Gyaɗata fa? An kwashe mini?"

"Awaki sun kwashe. Me kika gani?"

"Me zan gani da waɗannan idanun? Ji dai na yi. Tun daga nesa take kuka, wuu, wuu, kamar injin niƙa a unguwar maƙwabta. Da ta zo kwana sai kukan ya ƙaru. Na ratse gefe, ta biyo ni gefen."

"Ya yi miki magana?"

"Ya tsaya a kaina. Na ji numfashinsa. Na ce, ɗan nan, ruwa. Sai na ji ƙofar mota."

Sharu ya fito daga asibitin bai yi wa kowa sallama ba. Shi ma ya san wata mota mai irin wannan kuka. Ya sha ce wa mai ita ya gyara. Amma rabin motocin Daura kuka suke yi, haka ya gaya wa kansa, ya nufi tasha.

A tasha an ba shi sunan Hussaini, direban motar haya ta hanyar Zango, domin an ga fitilarsa a fashe. Hussaini ya yi dariya har da buga cinya.

"Baba, wannan fitilar tun kafin azumi jaki ya yi mata haka. Tambayi jakin, yana Zango."

Sharu ya kama tayar gaba sama da ƙasa ya girgiza. Ba ta motsa ba. Ya dubi ƙafar Hussaini, ƙato ne mai faɗin tafin ƙafa kamar faifai. Ya wuce.

Munzali bai so buɗe ƙofa ba. Da ya buɗe, sai ya koma ya zauna a kan bulo bai ce shigo ba.

"Sun aiko ka ka tabbatar musu?"

"Ba a aiko ni in tabbatar ba. Zuwa na yi in duba."

Motar tana kan bulo, gabanta ba taya. Sharu ya ɗaga ɗaya daga cikin tayoyin da aka jingine a ƙasa. Ciyawar da ke ƙarƙashinta ta yi fari fat, ta daɗe ba ta ga rana ba. Faifan birki ya yi tsatsa, a bayansa zanzaro ya gina ɗaki, ya rufe, lakar ta bushe har ta fara tsagewa. Motar nan ba ta taka hanya ba tun kafin ruwan ƙarshe na damina.

"Me ya same ta?"

"Boris. Na gaba, duka biyun. Na jira sababbi daga Kano har na gaji, jiya suka iso."

"Me ya hana ka kai gareji?"

"In biya mutum ya ɓata mini abin da na iya?" Munzali ya ɗauko wani zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye a ciki ya miƙa masa. Da aka zo maganar aiki bakinsa ya buɗe, kamar wanda ya daɗe yana neman mai saurare. "Wannan shi ne boris, a kansa taya ke juyawa. In ya cinye, za ka ji mota tana kuka, kukan yana ƙaruwa a kwana. Taya ta riƙa lilo, birki ya yi nisa kafin ya kama. Ka ɗaga mota da jak, ka cire taya, ka cire birki ka rataye shi kada ya ja igiyarsa. Ka kwance babban notin tsakiya, wannan sai da doguwar sifana. Ka bugo tsohon ya fita, ka wanke gurbin. Sa sabon ne ke ba mutane wahala. Jahili zai ɗora masa guduma kai tsaye, ya kashe shi kafin ya fara aiki. Ni ina ɗora tsohon a kan sabon, in bugi tsohon. Shi ya riga ya mutu, ba abin da duka zai ƙara masa."

Sharu ya juya zoben a hannunsa. Ya duba tsakar gidan. Tabarma ɗaya, buta ɗaya, kwano ɗaya a kife. Ya san irin wannan gida.

"Ina jak ɗin? Ina doguwar sifanar?"

"An ara."

"Wa ya ara?"

"Ya roƙe ni kada in faɗa. Ya ce abokansa za su yi masa dariya wai ya rasa na biyan bakanike. Tun da na dawo garin nan shi ne mutum na farko da ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya kira ni Yaya. Na koya masa yadda ake yi, na ba shi kayan. Ba zan faɗi sunansa ba."

"Ko da za a ƙona maka mota?"

"Su ƙona. Dama ba su taɓa so na ba."

Ranar Juma'a Sharu ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya zauna a dakali. Ya saba tun motar Sagir tana bakin kwana yake jin kukanta, ya miƙe ya ɗauki sanda. Ranar bai ji komai ba sai da ta tsaya a gabansa.

"Baba, barka da Juma'a. Ka yi nisa a tunani."

"Barka kadai, ɗana."

Suka kama hanyar cikin gari. Motar tana tafiya lafiya lau, ba kuka ba lilo. Suka sha kwanar da ke kusa da rijiyar Kusugu, inda da can kukan kan cika kunne, shiru.

"Ina kukan motar?"

"Ai na bi maganarka, Baba. Tun ranar Asabar na kai gareji aka canza boris."

"Wane gareji?"

"Wani ne a hanyar Katsina, ba ka san shi ba."

Asabar ta riga ranar da aka buge Kande. Sharu ya so ƙwarai ya yarda. A masallaci bai ji huɗuba ba. Da aka idar suka fito, ya bar Sagir ya shiga gaba, idonsa ya sauka ƙasa ba da son ransa ba. Ƙafar hagu tana buɗewa waje, irin ta ubansa.

Inno ta tarbe shi kamar kullum, da fura a ƙwarya da ƙorafin tsadar nono. Mace ce da ba ta zubar da komai. Gwangwani, tsumma, guntun waya, kowanne tana da aikin da za ta ba shi. Sagir ya shiga ɗaki canza riga. Sharu ya ce yana son ruwa ya wanke hannu, Inno ta je bakin rijiya ta zura guga. Gugan ya nutse nan take, ta jawo.

"Ka ga yanzu ba ya ba ni wahala," in ji ta. "Da sai ya yi ta yawo a kan ruwa. Na ɗaura masa nauyi."

A bakin gugan, ɗaure da igiya, akwai zoben ƙarfe. Zafi ya ƙona shi har ya yi shuɗi. Baƙin giris bai gama wankewa daga cikinsa ba. A gefensa ɗaya, zagaye, sababbin tabon guduma suna ƙyalli.

"A ina kika samo wannan, Inno?"

"A bola mana, wannan almubazzarin ya jefar. Jiya wuni ya yi yana bugu a nan, ya shigo da motar har tsakar gida ya kulle ƙofa, kaina har ciwo ya yi. Na ce ka kai wa masu gyara, ya ce in bar shi. Ga ma kayan mutane can bayan rumbu, na ce ya mayar, bai mayar ba."

A bayan rumbu jak ne da doguwar sifana, an lulluɓe su da buhu.

"Ara mini ƙarfen nan."

"Kai ma rijiya za ka haƙa a tsufanka?" Ta yi dariya ta kwance masa. Sharu bai sha furar ba, ya ce cikinsa ne.

A hanyar komawa ya sa Sagir ya tsaya a gindin wata bishiyar bedi.

"Ɗana, ni na yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka, ubanka ya yi tafiya. Akwai abin da kake so ka faɗa mini?"

Sagir ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba.

"Babu, Baba."

"Ka tabbata? Daga bakinka ya fi."

"Babu komai."

"To, kai ni wurin mai unguwa."

Bayan la'asar zauren mai unguwa ya cika. An kawo Munzali, yana zaune shi kaɗai a jikin bango, an bar fili tsakaninsa da kowa. Hussaini ma ya zo, wai don a wanke fitilarsa a gaban jama'a. Sagir ya zauna a bakin ƙofa cikin matasa. Zai iya tashi ya tafi, amma tafiya a lokacin magana ce.

Sharu bai zauna ba.

"Ranka ya daɗe, motar Hussaini lafiyarta ƙalau, ƙafarsa kuma ta fi sawun da na gani girma."

"Na gaya muku jaki ne," in ji Hussaini.

"Motar Munzali ba ta fita ba tun damina. Zanzaro ya gina ɗaki a birkinta. Da ɗayanku yana gaishe shi, da ya san ya daɗe yana tafiya kasuwa a ƙafa. Ba ku sani ba, domin ba ku taɓa duban sa ba sai ranar da kuke neman wanda za ku ƙona."

Sharu ya zaro ƙarfen daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

"Motar da ta buge Kande borisinta na gaba ya cinye. Kande ta ji kukansa, ni na ga lilon tayar a ƙasa. Mai motar ya san in ya kai gareji za a tuna da shi, sai ya gyara a gida. Munzali, ɗauki ka duba. Wa ke buga tsoho a kan sabo?"

Munzali ya ɗauka, ya shafa tabon guduma da yatsa. "Ni ne. Da wanda na koya wa."

"Yaushe ya zo maka aro?"

"Ranar da aka buge ta, da yamma." Munzali ya ɗaga kai ya dubi bakin ƙofa, fuskarsa ta canza. "Ashe abin da ya kawo ka ke nan. Har da ce mini Yaya."

Duk zauren ya bi idonsa.

"Baba," in ji Sagir. "Baba, kai ma?"

"Daga gugan uwarka na kwance shi. Kayan Munzali suna bayan rumbunku."

"Birkin ne ya ƙi kamawa! Wallahi na taka, motar ta fizge. Na ji tsoro, na ga in mutane suka zo duka za su yi mini, ba za su saurare ni ba."

"Ba mutane a hanyar. Na duba. Kai ne da ita da Allah." Sharu ya dogara da sandarsa. "Na ce ka gyara, ka ce sai an sayar da gyaɗa. Wannan sakaci ne, ana yafe sakaci. Amma ka fito daga mota, Sagir. Ka tsaya a kanta. Ta roƙe ka ruwa. Sannan ka zauna a unguwar nan kana ji ana shirin ƙona mutumin da ya ara maka kayansa."

Sagir ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Wasu matasa suka fara miƙewa, mai unguwa ya daka musu tsawa.

"Duk wanda ya taɓa shi ya taɓa ni. Kwanan nan kun kusa kashe mara laifi, yau ba ku da bakin magana. Hukuma za ta yi aikinta."

Da aka fito da Sagir, ya wuce ta gaban Sharu bai dube shi ba. Mai unguwa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam Sharu." Sharu ya juya ya nufi ƙofa. Mutane suka dare suka ba shi hanya, ba wanda ya ce bari in raka ka. Haka mutane suke, suna son a gano gaskiya, amma ba sa son zama kusa da mai gano ta.

Kande ta tashi, amma da sanda biyu, roron gyaɗa ya ƙare mata. Munzali ya karɓo jak ɗinsa da sifanarsa ta hannun mai unguwa, ya ƙarasa aikinsa, ya ƙara wa ƙofarsa sakata. Sharu ya je gidan Inno sau ɗaya, ya yi sallama daga zaure. Ya ji motsinta a tsakar gida, ya ji gugan yana buga ruwa yana ƙin nutsewa. Ba ta amsa ba. Ya ajiye ƙarfen a bakin ƙofa ya juya.

Juma'a ta zagayo. Ya share yashin ƙofar gida, ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna a dakali. Sai da ya ji an fara kiran salla daga cikin gari ya gane cewa kunnensa yana bakin kwana tun ɗazu. Ya ɗauki sanda ya tafi a ƙafa. Hanyar ta fi yadda ya tuna tsawo, ya sami sahu na can baya, a rana.

Da ya dawo, ya tsaya a ƙofar gida ya duba yashin kamar yadda ya saba. Sawun takalmi ne na tsoho da ramukan sanda suna fita. Ba wani. Ya taka a gefensu ya shiga, ya rufe ƙofa.